Zubaina, Bos Da Sauran 'Yan Wasan Tsakar Gidan Mu

Mai karatu, wannan watan ka yi mani afuwa, ba sharhin fim na zo da shi ba. Labarin kaji ne. Kada ka yi saurin buɗe shafi na gaba, domin su ma 'yan wasa ne, darakta kawai su ka rasa.

A farkon Satumba 2021 na je gida Faru, cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, da niyyar kwana uku. Sai ga shi an katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, an kuma rufe kasuwannin mako. Hanyar Talatar Mafara ta zama sai da addu'a, Inna ta ce ba inda za ni. Ga ni da difloma a jaka da waya a hannu, amma wayar ta koma fitila. Mutumin da ya saba kallon finafinai biyu a rana ya wayi gari ba abin kallo sai kajin Inna guda tara.

To, mai hali ba ya fasa halin sa. Kwana biyu da zama a gindin darbejiya na fara raba masu rol.

Zakaran gidan ja ne, mai wuya kamar an shafa masa manja. Na sa masa Bos, don tafiyar sa sak ta Gabbar na fim ɗin Sholay. Sai dai da na lura da kyau, na ga ban yi masa adalci ba. In ya tono gara ba ya ci, sai ya yi wani ɗan ƙus-ƙus ya kira matan su zo. Kukan sa na shirwa daban, na muzuru daban, kuma kajin sun san bambancin: na farko su ruga ƙarƙashin rumbu, na biyu su miƙe wuya su na dube-dube. Bos ɗin da ke ciyar da iyali ya na gadin su, ai marubutan mu ba su cika rubuta irin sa ba.

Akwai wata baƙa mai masifa, ba ta barin kowa ya kusanci kaskon dusa sai ta ƙoshi. Ita ce Adama, ta Daɗin Kowa. Wani ɗan durgu mai faɗuwa cikin kwatami na kira shi Ibro, Allah ya jiƙan mai sunan. Sauran 'yan rakiya ne.

Sai Zubaina. Wake-wake ce, ita ce ta ƙarshe a wajen ci, kowa ya tsattsage ta. Shi ya sa na ba ta sunan baiwar nan ta cikin Sangaya. Na riƙa ware mata tsabar gero a tafin hannu, ina kiran sunan ta. Kafin mako biyu, in na ce "Zubaina!" sai ta baro tono ta taho da gudu. Ko sunan ta gane ko muryar mai gero, wannan muhawara ce tsakani na da Inna har yau. Ta na da wata ɗabi'a: ba ta ci sai ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, kamar mai tambayar ko da wata manufa. Inna ta ce da damina ita ta kwanta wa ƙwan zabi kusan kwana 28, alhali nata na kaza 21 ne, ba ta tashi ba sai da ta ƙyanƙyashe su. Da su ka girma su ka bi daji su ka bar ta.

Inna dai dariya ta ke mani. "Wanga yaro, mi kaka yi haka? Kaza ta, ba ɗiya ta ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka." Na ce, "Inna, a garin Sa'idu Faru a ce an rasa mai yi wa kaza kirari?" Ta ce shi sarakuna ya yi wa, ya samu doki da riga, ni kuwa kashin kaji zan samu.

Ana nan sai yaya ta ta haihu a gida, haihuwar wahala. Mai jego na buƙatar romo, kasuwa a rufe, kuɗin hannu sun ƙare don ba halin a turo. Inna ta ce a kama Zubaina, ita ce ta daina ƙwai. Na kawo Bos, ta ce shi kaɗai ne zakara. Na kawo Adama, ta ce ta na kwanci. Ibro kuwa ba shi da naman da zai cika ludayi. Duk hujjar da na ke kayar da furodusoshi da ita ta ƙare a nan, domin Inna ce mai gaskiya. Kuma ni kaɗai ne namiji babba a gidan ranar.

Yara su ka bi ta, ta haye danga, ta shige bayan rumbu, su ka gaji. Inna ta dube ni ta ce, "Kira ta mana."

Wallahi mai karatu, na sha rubuta cewa mutuwa a finafinan mu ba ta taɓa zuciya saboda ba a ba mu lokacin sanin wanda zai mutu. Ranar na so a ce ban san ta ba. Na tsuguna, na buɗe tafin hannu ba ko ƙwayar gero, na kira sunan. Ta fito. Ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, sannan ta matso.

Na yi bisimilla na yanka. Yaya ta ta sha romo, ruwan nono ya zo, yaron yanzu har ya shiga makarantar allo. An zubo mani nawa, na ce azumi na ke, Inna ta yi kamar ba ta ga ƙwaryar furar da na sha da hantsi ba.

Da hunturu fakat ya shigo unguwar ya kwashe Adama da Ibro da wasu huɗu. Tun daga nan na ke aika kuɗin rigakafin da ake ɗiga masu a ido, na kuma yi alƙawarin ba ni ba raɗa wa kaza suna. Watan jiya mu na waya da Inna, sai na ji ta janye baki daga wayar ta daka tsawa: "Ke Sumayya, fita min daga ɗaki!"

Na ce, "Inna, baƙuwa mu ka yi?"

Ta ce, "Wata sagara ta, mai shegen iyayi."