Ƙwallon zuci: zamanin da ake lissafi da alƙalami

Akwai wani wasan tamaula da ake yi ba gudu ba zufa. Mutum ya zaɓi ƴan wasa na gaskiya daga ƙungiyoyi dabam-dabam, ya jera sunayensu, ya ce ga ƙungiyarsa. Abin da suka aikata a fili ranar wasa, shi ne makinsa. Mu ƙwallon zuci muke ce masa. Matasanmu suna yin sa yau a wayar salula, kuma da yawansu ba su san ya girmi intanet ba.

Asalinsa Amurka ne. A shekarar 1962 Bill Winkenbach, mai hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, ya tsara ƙa'idojinsa tare da abokansa, kuma a 1963 suka yi zaɓen ƴan wasa na farko da ƙungiyoyi 8. Nasu ƙwallon na Amurkawa ne, wanda ake runguma a ruga da shi. Wani ɗan jaridar Italiya, Riccardo Albini, ya ɗora dabarar bisa ƙwallon ƙafa da sunan Fantacalcio a 1990, jaridar Gazzetta dello Sport kuma ta yaɗa shi daga 1994.

Daga Italiya ya iso mana. Wani abokin aikinmu da ya je ƙaro ilimi can ya komo da shi a 1995, lokacin da karya darajar sefa ta 1994 ta gigita aljihun kowa, albashi kuma yana jinkiri. Mu takwas ne, ma'aikata biyar da ƴan kasuwa uku. Farkon kakar wasa muka zauna gwanjo da kuɗin baki, ba a fitar da ko dala ba. Ƙa'ida ita ce ɗan wasa ɗaya, mai shi ɗaya. Da yake jaridun Italiya ba su zuwa mana, ƙwallayen da aka ci kaɗai muke ƙirgawa, daga labarin rediyo da jaridun Faransa da ke isowa bayan kwanaki.

A wannan shekara George Weah ya koma Milan, ya kuma zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Ballon d'Or. Kowa shi yake so, har wanda ya saye shi ya zuba rabin jarinsa. Wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya yi shiru, ya ɗauki Igor Protti na ƙaramar ƙungiyar Bari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da kaka ta ƙare, Weah yana da ƙwallo 11, Protti 24, ko da yake Bari ta faɗa rukuni na biyu. Mai sayen wake tun kaka ya koya wa ma'aikata kasuwa.

Amma abin da na fi kewa shi ne mai riƙe littafi. Kamar uwar adashi yake: shi ke rubuta maki, shi ke raba gardama, alhali shi ma yana da ƙungiya a cikin gasar. Da ya so ya ƙara wa kansa ƙwallo ɗaya, da wuya a gane. Wasan duka bisa amanarsa ya tsaya, ladan wanda ya ci kuwa shayi da tsire ne.

Yau kwamfuta ce ke riƙe da littafi. Gasar Fantasy Premier League, wadda ta fara a 2002, tana ba kowa jarin fam miliyan 100 na baki ya sayi ƴan wasa 15, kuma miliyoyin mutane ke cikinta. Lissafinta ba kuskure, ba jira. Sai dai ɗan wasa ɗaya na iya zama na mutum miliyan a lokaci guda, saboda haka gwanjo ya mutu, taya da albarka suka bi shi. A Amurka kuma, kamfanoni irin FanDuel da aka kafa a 2009 da DraftKings a 2012 sun mai da wasan na kuɗin gaskiya, ana zubawa da safe a kwashe da dare. Tsakanin wannan da rumfunan cacar ƙwallo da suka cika garuruwanmu, taki ɗaya ne, kuma matashin da ya saba hasashen maki shi ya fi saurin yin takin.

Ba na cewa a jefar da waya a koma ga takarda. Shawarata ga iyaye da iyayen gida ita ce: in yaranku suna wannan wasa, ku tambaye su da wa suke yi, kuma me aka aza. In abokai ne da suka san juna, abin da aka aza kuma bai wuce shayi ba, ku bar su, suna koyon lissafi da haƙuri. In kuwa baƙon da ba a gani ne, kuma kuɗi ke fita, to ba wasa ba ne, caca ce ta sa rigar tamaula.