Mu Je Dutse Mu Sha Iska

A ƙasashen Turai, idan an ba da hutu, magidanci yakan kwashi iyalinsa su tafi wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Alps, a Suwizalan ko Ostiriya. Su hau tudu, su yi 'yar sayayya, su huta, su komo gida. Yaranmu sun san sunan Alps daga littafin labarin ƙasa, amma tambaye su duwatsun ƙasarsu, sai su yi shiru. To, mu ma muna da namu garin duwatsu, sunansa ma Dutse.

Daga Kano tafiyar ba ta fi ta sa'a biyu a mota ba. Za ka bi ta Wudil, ka haye gada, ka miƙe. Ƙasar shimfiɗe take, gonaki dama da hagu. Can sai ka hangi duwatsu sun taso, wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jera su. Wani ƙato yana zaune a kan ɗan ƙarami, kana tsammani yanzu zai gangaro, ga shi kuwa tun kakanni yana nan.

A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birninta. Daga baya aka kafa jami'ar tarayya a 2011, ga kuma filin jirgin sama. Amma wanda ya zo kallo, sai ya nufi Garu, tsohon gari, inda fadar Sarki take a tsakiyar duwatsu, bangonta ya sha zane mai launi iri iri. Ka gai da dogarai, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, gama baƙo mai ladabi ba ya rasa mai nuna masa hanya. Mutanen gari sukan ce wani maharbi, Duna Magu, shi ya fara sauka a nan saboda yawan gada, shi ya sa ake kiran wurin Dutse Gadawur. Tarihin Kano kuma ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15.

In ka hau dutse da sassafe, za ka ga gari duka a ƙarƙashinka, da itatuwan dabino tsaye cikin kwari. Dabino shi ne abin alfaharin Dutse, har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa tana da reshen binciken dabino a can. Ga abin koya wa yara: dabino akwai namiji, akwai tamace. Sai manomi ya hau, ya sa furen namijin cikin na tamacen, kafin a sami 'ya'ya masu kyau. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka albarka, kada ka ji haushi. Ka tuna da wanda ya hau itacen nan mai ƙaya.

Don sayayya, a je kasuwar Shuwarin, kusa da gari, wadda take ci mako mako. Uwargida za ta sami riɗi, da zoɓorodo, da faifai, da tabarmar kaba. Ku taya da fara'a, ku sha fura da nono a inuwa, ku riƙo tsarabar dabino domin maƙwabta.

Wanda yake da sauran lokaci, ya ƙarasa Birnin Kudu. A can, cikin kogon Dutsen Habude da na Dutsen Mesa, mutanen dā sun zana shanu a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin namu na yau ba. Akwai kuma duwatsun da in an buga su sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. Bernard Fagg, na gidan kayan tarihi na Jos, ya bincike su a 1955.

Amma akwai abin da ya kamata mu sani. Gari mai girma yana bukatar tsakuwa domin gini da hanya, tsakuwa kuwa daga dutse take fitowa. A gefen hanya za ka ga inda ake fasa duwatsu, mutane suna neman abincinsu, ba kuwa mai ganin laifinsu. Sai dai itace in an sare yakan toho, dutse in an fasa shi ke nan. Abin da mutane suke zuwa kallo, shi akan kula da shi, abin da ba mai zuwa kallo kuwa, shi akan fara sayarwa.

Saboda haka, iyaye, hutun Disamba lokaci ne mai kyau, gama rana ba ta da zafi ƙwarai. Ku ɗauki ruwan sha, ku sa wa yara takalma masu ƙarfi, ku hana su sa hannu cikin tsagar dutse saboda maciji da kunama. Ku tashi da wuri, ku kai su su gani da idonsu.