Kwanakin Jiran Sabon Babi

Litinin, 19 ga wata

Gobe mujallar Hana to Yume za ta fito a Japan. Sau biyu take fita a wata, ran 5 da ran 20, kuma tun 1974 kamfanin Hakusensha ke buga ta domin 'yan mata. Irin labaranta na zane su ake kira shojo manga. A cikinta ake buga Skip Beat!, labarin Kyoko, wadda ta ajiye karatu ta bi saurayi Tokyo tana yi masa wahala, da ya yi suna a waƙa ya watsar da ita, ita kuwa ta sha alwashin sai ta shiga harkar ta dushe tauraronsa. Yoshiki Nakamura ta fara shi a 2002, har yau da saura. Wadda ta soma karanta shi tana 'yar sakandare, yanzu ta isa a ce 'yarta ce ke karantawa.

Talata, 20

Ta fito can, mu nan sai haƙuri. Babi-babi labari ke fita a mujalla. Sai an tara huɗu ko biyar a haɗa su littafi guda, wanda ga mujallar wata-wata kan ci watanni huɗu zuwa biyar. Bayan nan masu fassara su karɓa, irin su Viz Media da ke fitar da jerin Shojo Beat a Amurka, a ƙara wasu watannin, wani sa'in har fiye da shekara. Duk wadda ta taɓa kammala littafin soyayya na ɗaya, ta yi ta sintiri wurin mai haya tana tambayar ko na biyu ya iso daga Kano, ta san wannan ɗokin.

Laraba, 21

'Yar yayata ta wuni a wurina. Na miƙa mata waya, ta duba shafin ta ce, "Anti, ta ina ake farawa?" Na ce daga dama zuwa hagu, yadda kike karanta allonki. Nan take ta kama hanya. Honey Lemon Soda na zaɓar mata, na mujallar Ribon, wadda ke fita tun 1955 domin ƙanana. Ba kowane shojo zan ba yarinya ba, sai na fara karantawa tukuna.

Alhamis, 22

Yau Nana ce a raina. Ai Yazawa ta fara ta a 2000, labarin 'yan mata biyu masu suna ɗaya da suka haɗu a jirgin ƙasa za su Tokyo. Ta kai littafi na 21, a 2009 rashin lafiya ta kwantar da ita, labarin ya tsaya cak. Glass Mask na Suzue Miuchi ma, wanda ya faro tun shekarun 1970, littafinsa na 49 ya fita a 2012, ana nan ana sauraron na 50. Raina na ɓaci idan na ga masu karatu suna yi wa marubuciya gori don ta tafi hutu. Mutum ce ke sunkuye a kan tebur tana zana kowace fuska, kowane silin gashi, ga ranar miƙa aiki na bin ta. Lafiyarta ta fi zumuɗinmu.

Juma'a, 23

Bayan la'asar na koma kan Yubisaki to Renren, wanda aka fassara da A Sign of Affection, domin shi na fi ƙosawa in ga ci gabansa. Mata biyu ke yin sa da suna ɗaya, Suu Morishita, ɗaya ta tsara labari ɗaya ta zana, tun 2019. Yuki ɗalibar jami'a ce, kurma tun haihuwa. Wani baƙo ya tare ta a jirgin ƙasa yana tambayar hanya, ta rasa yadda za ta yi, sai wani saurayi mai suna Itsuomi ya shiga tsakani. Abin da ya kama ni shi ne yadda aka buga shafin. Maganar da Yuki ke tsinta daga motsin leɓe, da tawada mai ruwan toka ake rubuta ta, dishi-dishi, har kai mai karatu ka ji ashe rabin zance take samu. Sannan ga hannuwa: yatsun Itsuomi suna lalube lokacin da yake koyo, nata kuwa suna gudu idan tana cikin farin ciki. Muna da kurame masu maganar hannu a kowace unguwa, amma da wuya ka ga labarin soyayyar da ya sa ɗaya daga cikinsu a gaba.

Asabar, 24

Yau ce ranar Dessert, mujallar Kodansha da ke ɗauke da labarin Yuki. Na san kafin dare wasu za su watsa shafukan sata a intanet. Ba zan buɗe ba. Cinikin littafi ne ke sa kamfani ya ci gaba da labari ko ya datse shi. 'Yan'uwana masu karatu, mu riƙa tara ɗan abin da ya samu, in fassarar halal ta fito mu saya.