Mako Uku A Kan Gado

Akwai wani ɗan dako a wata kasuwar hatsi wanda ya shekara goma sha biyu yana saɓa buhun masara ba tare da an kama masa ba. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi mako uku cur. Ran da ya koma bakin aiki rabin buhu ya gagare shi, numfashi ya sarƙe tun kafin ya isa gindin mota. Abokan sana'a suka ce jifa ne, har ya fara tunanin rance don neman makari, alhali kuwa ga iyali suna jiran cefane.

Ciwon ya ci rabonsa, babu shakka, amma kwanciyar ita kanta ta ci rabo babba. A cikin 1966 waɗansu likitoci a birnin Dalas na ƙasar Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, har mako uku. Da suka tashi, iskar oksijin da jikinsu ke iya ci a lokacin aiki mai tsanani ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka sake auna mutanen nan a 1996, sai aka tarar girman shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar nan ta rage ba.

Dalili kuwa shi ne, jiki ba ya ciyar da abin da ba ya yi masa aiki. Mai gudun dogon zango ruwan jininsa yakan ƙaru tun a kwanakin farko, zuciyarsa ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, har ka ga tana bugawa sau 45 a minti ɗaya in yana zaune, inda ta sauran mutane ke kai 70. Ƙananan hanyoyin jini su yi rassa cikin tsoka, watau abinci da iska sun sami gajeriyar hanya. In aka daina nema, sai jiki ya fara janye wannan tanadi, kuma ruwan jinin ne kan fara tafiya.

Sha'anin ɗaukar nauyi daban ne. A makonnin farko ƙarfi kan ƙaru alhali damtse bai sake ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon tayar da zaren tsoka da yawa a lokaci guda. Kaurin tsoka sai daga baya, agara da ƙashi kuwa sun fi kowa nawa, shi ya sa mai gaggawa kan ƙare a gun maɗori. Ginin ma ba a ƙarƙashin buhu ake yinsa ba, sai an ci an ƙoshi an yi barci.

Samarin Dalas sun yi mako takwas ana motsa su, lafiyar numfashinsu ta dawo. Shi ɗan dako bai taɓa jin labarinsu ba. Wani dattijo a rumfar ne ya ce masa, "Yaro, koma kan kwano ashirin tukuna." Ya ji kunya, amma ya koma. A mako na shida ya saɓa buhu cikakke, sai dai a sawu na biyar yakan jingina da mota ya yi haki.