Amanar Ƙarfe da Amanar Ƙasa: Tunawa da Aikin Bakalori

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Mafara kafin 1974 ya san zamanin da babu ƙarar da ta wuce ta manyan motocin da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. A shekarar ce aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kafa sansani, aka shiga sauke injunan da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. Samarin Talata Mafara da Bakura da Maradun muka yi ta tururuwar neman aiki. Wasu suka samu leburanci, wasu gadi, wasu suka bi safiyo suna riƙe masa sanda. Ni rabona ya faɗa wajen sikirefa, aka haɗa ni da wani dattijon direba na zama yaronsa.

Yaran yanzu sun fi sanin injin haƙa mai dogon hannu da tifar da yake lodawa. Sikirefa ita kaɗai take yin aikin su biyun, har ta ƙara da na baza ƙasa. Gabanta inji ne a kan tayoyi biyu, bayanta wani makeken kwano mai wuƙa a ƙasansa, tayoyin kuma sun kusa tsawon mutum. Wani Ba'amurke mai suna Robert LeTourneau ne ya yi fice wajen ƙera irinta mai tuƙa kanta a kan tayoyin roba, a ƙarshen shekarun 1930, kafin kamfanoni irin su Caterpillar da Terex su cika duniya da nasu. Babba daga cikinsu takan kwashi ƙasa tan 30 ko fiye a lodi ɗaya.

Kallon yadda take cika cikinta ba ya ƙosar da mutum. Direba zai shigo wurin yanka, ya ɗaga ƙofar kwano, ya sauke wuƙa ta nutse a ƙasa. Sai buldoza ta zo ta baya ta ɗora bakinta a kan ƙugun sikirefar, ta tura. Nan take ƙasa za ta fara hawa cikin kwanon tana juyi kamar talge a tukunya, har ta yi tozo tana zubowa ta gefe. Direba ya rufe ƙofa, ya ɗaga kwano, ya kama hanya da gudu. In ya isa kan ganuwar dam, ba zai juye ƙasar wuri ɗaya ba. Yana tafe bangon da ke cikin kwanon yana turo ta gaba, tana shimfiɗuwa siririya. Tankar ruwa ta bi ta yayyafa, rola ta bi ta daddanne, sannan a sake shimfiɗa wata a kai. Da haka, shimfiɗa bisa shimfiɗa, aka tayar da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 5.5, da ginin kankare a tsakiyarta mai bisan mita 48. Aka kammala a 1978, ta tare ruwan da ya kai kubik mita miliyan 450.

Gwanintar direba a wurin yanka ake ganinta. In ya nutsa wuƙa da yawa, taya ta yi ta juyawa a banza, duwatsu su yayyanka ta, kuma kuɗin taya ɗaya ya fi albashin lebura na watanni masu yawa. In ya ɗaga da yawa, ya tafi da rabin lodi. Maigidana da kunne yake aiki. Da ya ji muryar injin ta yi nauyi sai ya ɗan sassauta wuƙa, kafin hayaƙi ya baƙanta. Aikin yana da wahala ƙwarai. Motar ba ta da sifirin, duk wani gargada a gadon bayan direba yake sauka, ga ƙura da sai an naɗe hanci da rawani, ga zafin bazara da zafin inji sun haɗu.

Ni kuwa aikina yana farawa tun da asuba, kafin a tayar da inji. In duba baƙin mai da ruwan lagireto da man haidirolik. In buɗe famfon ƙasan tanki in tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin man gas, domin in ya kai ga nozul ya gama da ita. In saki ruwan da ya taru a tankin iskar birki. Sai in ɗauki bindigar giris in bi kowace gaɓa, tun daga wuyan da ya haɗa inji da kwano har zuwa hannayen ƙofa, in yi ta matsawa sai na ga tsohon giris ya fito baƙi, sabo ya biyo bayansa. Da hunturu, filtar iska kullum sai an cire an busa, don ƙurar da ta tsallake filta ita ke cinye zoben fistan. In wuƙa ta ci ta gefe ɗaya a kwance ta a juya, tun kafin cin ya kai ga gindin kwano. Da yamma kuma ba a kashe inji da zafinsa, sai an bar shi ya yi silo ya huce.

Maigidana ba ya sakaci da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yakan zagaya motar da kansa bayan na gama, ya shafa kowane tiyo da tafin hannu yana neman danshin mai. Ya ce da ni: "Yaro, wanga ƙarhe amana ta. In ka ba shi haƙƙinai da sahe, shi ba ka naka da rana." Ni kuma in ce: "To, Baba." A wurinsa na koyi cewa inji ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan fara da ɗigon mai ko ƙusa ɗaya da ta kwance, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da aka gama ganuwa, aikin ya koma filayen ban-ruwa. An shirya hekta 23,000: kimanin 15,000 na ban-ruwan feshi, 8,000 kuma na ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudanai. Irin wannan na biyun sai fili ya daidaita, don haka sikirefa ta shiga gonaki tana yanke tudu tana cike kwari, tana bin turakun safiyo. A nan na gane cewa ƙasar da muke kwasa tana da masu ita. Daga kan kujerar mota fili ɗaya kake gani, amma mai gona yana ganin iyakar da kakansa ya shata, da ɗorawar da matansa ke yin daddawa da ita, da ƙasar sama da ya shekara yana zuba wa taki. Direban kirki yakan fara kwashe wannan ƙasar ta sama ya tara ta gefe, in an daidaita fili ya mayar da ita, domin inda aka bar jar ƙasa a buɗe sai an shekara ana wahala kafin ta ba da amfani.

Abin da ya biyo baya yana cikin tarihi. Ruwan dam ya tashi dubban mutane daga garuruwansu, har da tsohuwar Maradun. Manoma da yawa sun yi damuna bayan damuna ba su shuka ba suna jiran a mayar musu da gonaki, maganar diyya kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyi suna tsayar da aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin gwamna Shehu Kangiwa a tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu da rahama. Mu da muka yi aikin 'ya'yan waɗannan manoma ne, kuma har yau ba na iya tuna jin daɗin koyon sana'ata ba tare da na tuna da su ba.

Bayan an watse, sana'ar ba ta watse ba. Yaran direbobi suka zama direbobi, wasu suka buɗe gareji a Mafara da Gusau da Sakkwato. Tsofaffin katafilolin da suka rage a hannun 'yan kwangila, su ne ke riƙe da su. In wani abu ya lalace a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo na hannu, in ba a samu ba a kai wa mai walda ko mai lata ya ƙera. Injunan wancan zamani sun yarda da haka, don ba su da kwamfuta, sifana da kunne da haƙuri sun isa.

Abin da ke damuna shi ne irin kulawar da muka ba ƙarfe ba ta bi aikin da ƙarfen ya gina ba. Injunan feshi sun daina aiki, magudanai suka cika da laka da ciyawa, filaye masu yawa suka koma jiran damuna, har sai da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2014, ya zo da aikin gyara. Shinkafar Bakalori tana ciyar da gidaje masu yawa a Zamfara, kuma tsadar da aka biya kafin a same ta ta haɗa da rayuka. Haƙƙin da ke kan ƙungiyoyin masu ban-ruwa da hukumomi da mu manoma shi ne mu riƙa yashe magudana tun laka ba ta toshe ta ba, mu gyara ƙofar ruwa tun tana ɗiga, kuma duk aikin da za a sake kawowa a fara zama da masu gona kafin a tayar da inji.