TSIBIRIN MAKINO: GARIN DA ALAWA KE CI DA MUTANENSA

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, yawo zan kai ku wani ɗan tsibiri da ke jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, inda na je da Yayata da maigidanta a watan Yuli. A rubuce sunan garin Mackinac ne, amma a baki Makino ake cewa.

Daga birnin Ditirot tafiyar awa huɗu ce da ɗoriya a mota, ana yin arewa, har a isa bakin ruwa inda tafkin Huron da tafkin Mishigan suka haɗu. Kada jin kalmar tafki ya sa ku zaci irin kududdufin bayan gari ne. Ruwa ne iya ganinki, shuɗi shar, babu gishiri a cikinsa, ga sanyi kamar ƙanƙara ko da rani. A nan ne aka gina wata doguwar gada a 1957, tsawonta ya kai kilomita 8, sai dai ita ba tsibirin take zuwa ba. Mai son shiga Makino dole ya ajiye motarsa a gaɓa ya hau jirgin ruwa, tafiyar kamar minti 20.

Dalili kuwa shi ne tun 1898 hukumar garin ta hana mota shiga, saboda tana firgita dawakai, kuma har yau dokar na nan. In ban da motar asibiti da ta kashe gobara da makamantansu, babu abin hawa sai keke da keken doki. Titin da ya zagaye tsibirin kaf kilomita 13 ne. Mazauna garin na dindindin ba su fi 600 ba, amma da rani baƙi ke cika shi maƙil.

Muna sauka daga jirgi abin da ya fara yi mana maraba hanci ne ya ji shi. Ƙamshin cakulan da man shanu da dafaffen sukari, gauraye da warin kashin doki! Ɗiyar Yaya ta toshe hanci tana cewa, "Anti, wannan garin ƙamshi yake ko wari?" Na ce duka biyun, 'yata. Ashe ma wai da gangan masu shagunan ke kunna fanka ta huro ƙamshin alawar zuwa titi, don mai wucewa ya ji yawunsa ya tsinke ya shigo ba shiri.

Alawar da garin ya yi suna da ita sunanta faj. A kan babban titin da bai wuce tafiyar minti goma a ƙafa ba, shagunanta sun haura goma: ga Murdick's, ga Ryba's mai kwali ruwan hoda, ga May's, ga JoAnn's, ga Kilwins. Har 'yan garin suna tsokanar baƙi da wani suna da ke nufin 'yan faj. Iyalan Murdick ne suka fara buɗe shagon alawa a 1887. Maigidan da ɗansa maɗinkan tamfol ne na jiragen ruwa, aikin rumfunan wani babban otal ya kawo su, uwargidan kuwa ita ce ta zo da sanin haɗin alawa. Dubi ikon Allah, sana'ar ɗinkin ta wuce, abin da matar gida ta iya a madafa shi ya rage yana ci da gari.

To a nan ne fa na tsaya, har Yaya ta gaji da jana. Ba a ɓoye ake yin alawar ba, a gaban taga ake yi, kowa na kallo. Wata ƙatuwar tukunya ce ta jan ƙarfe, a zuba sukari da madara mai kauri da man shanu da cakulan, saurayi na tsaye da doguwar muciya yana juyawa, ma'aunin zafi na maƙale a bakin tukunyar. Idan zafin ya kai wajen digiri 114, wato ya zarce na tafasar ruwa, sai mutum biyu su kinkimo ta su juye a kan wani tebur na dutse mai santsi da sanyi, wanda aka tokare gefunansa da sandunan ƙarfe don kada ya malale. Sai kuma kowa ya kama gabansa, a bar shi ya huce.

Na ce wa Yaya, "Yaya, ba za su juya ba? Ai zai daskare musu." Maigidanta ne ya yi mini bayani, ya ce sirrin ke nan. In aka tuƙa shi da zafinsa, sukarin zai koma ƙwayoyi manya-manya, ki ji shi tsaki-tsaki a harshe kamar yashi. In kuwa aka bari ya huce tukuna, ƙwayoyin sai su fito ƙanana ƙwarai yadda harshe ba ya jin su. Ai kuwa da lokaci ya yi sai ga saurayin da wani faffaɗan cokali mai doguwar ƙota irin na magina, yana zagaya teburin, yana kwasowa yana kifawa, yana kwasowa yana kifawa, abin da ke sheƙi kamar madubi ya riƙa dushewa yana kauri, har ya tattara shi ya zama dogon curi kamar burodi. Sai wuƙa, a yanka gunduwa-gunduwa, kowace kamar rabin laba.

Da aka miƙo mini ɗanɗano a bakin ɗan tsinke, domin kyauta suke bayarwa, na sa a baki sai na fashe da dariya. Wallahi 'yan uwa, ƙanwar alawar madara ce! Sukari ne da madara da wuta da ƙarfin hannu, abin da ƙannenmu ke yi a tsakar gida su jera a faranti su kai makarantar allo. In ma gaskiya za a bi, ni alawarmu ta fi kwanta mini, don tasu zaƙi ya yi mata yawa, yanka biyu za ki ci maƙogwaronki ya fara neman ruwa. Abin da suka fi mu shi ne tsafta a idon mai saye, da farar riga, da kwali mai ɗauke da sunan gida, da ɗanɗanon kyauta. Sannan ba sa jin kunyar sana'ar. Yarinyar da ta sallame mu 'yar jami'a ce, hutu ne ya kawo ta neman kuɗin makaranta, tana naɗe kwali tana murmushi kamar wadda aka ba kujerar Makka. Mu kuwa yarinya na shiga aji huɗu na sakandare sai ta ce ita ta fi ƙarfin alawa da gullisuwa.

Sai dai ga wani hanzari ga duk Musulmar da Allah Ya kai ta irin wannan wuri. Ba duk abin da ke cikin gilashi ake nunawa da yatsa a ce a zubo ba. Wasu nau'o'in faj ɗin ana sa musu giya don ƙamshi, sunan giyar ma na rubuce a jikin allon. Alawoyin nan masu danƙo-danƙo kamar roba, da fararen nan masu laushi kamar auduga, galibi da sinadarin jelatin ake yin su, kuma a Amurka yawancinsa daga fatar alade ake samo shi. Hatta ruwan banila na can, dokar ƙasar ta ce sai ya ƙunshi barasa kashi 35 cikin 100, ko da yake ɗan kaɗan ake ɗigawa. Don haka Yaya kafin ta sayi komai sai ta tambayi me da me ke ciki, su kuma ba sa ɓata rai, har takardar haɗin suke fito mata da ita. Mun dai tsaya a kan mai gyaɗa da mai cakulan zalla bayan ta karanta ta gamsu.

Askirim kuwa ba a magana. Akwai wanda ake kira da sunan tsibirin, fari mai gutsattsarin faj a ciki. Akwai Superman mai launi uku, shuɗi da ja da rawaya, wanda yaran Mishigan ke mutuwar so; ɗiyar Yaya ta sha, harshenta ya yini shuɗi. Mazubin ma ci ake yi, a gabanki ake gasa shi kamar wainar fulawa a naɗe shi da zafinsa.

Da la'asar muka hau keken doki zuwa Grand Hotel, otal ɗin nan da aka buɗe a 1887, fari fat a kan tudu, barandarsa ta kai mita 200, kujeru jere suna fuskantar ruwa. Masu son fim ɗin soyayya, a nan aka ɗauki Somewhere in Time na 1980, wanda Christopher Reeve da Jane Seymour suka fito a ciki. Wanda ba a otal ɗin ya sauka ba sai ya biya kafin ya taka barandar, mu dai daga nesa muka ba ido haƙƙinsa. Suna da shagon askirim mai suna Sadie's, da na tambayi wace baiwar Allah ce haka, aka ce sunan karyar masu otal ɗin ne ta lokacin, wadda ta ci gasar karnuka a 2010. Na ce Allah mai iko!

Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara na dare, don haka mun riga mun tsallako ruwa kafin Magariba. Kowa a cikin jirgin riƙe yake da jakar kwalaye. Mai shagon ta ja mana kunne kada mu sa faj a firji, wai bushewa yake yi ya farfashe; a naɗe shi da kyau a ajiye a inuwa, in kuma zai daɗe to a sa shi can cikin gidan ƙanƙara. Namu dai bai ga Ditirot ba, kwali ɗaya kacal muka tsira da shi, shi ma don Yaya ta ɓoye shi a ƙarƙashin kujerar mota.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.