Sayen Mota Rana Ɗaya Ne, Riƙonta Shekaru

Duk yaron da ya tashi a gidan da ake kiwo ya san wuyar doki ba wajen saye take ba. Rana ɗaya ake biyan kuɗinsa a kasuwa. Amma daga ranar nan kullum sai ya ci dawa, ya ci harawa, ya sha ruwa. In ya yi ciwo a nemi magani. Shi ya sa ba kowane mai kuɗin doki ke iya riƙon doki ba. To, mota ma haka take. Tana ci, tana sha, tana ciwo, tana tsufa. Wanda ya dubi kuɗin saye kaɗai, rabin lissafi ya yi.

Ni ba direba ba ne, ba kuma makanike ba. Abin da na sani game da mota a gidan kawuna na koye shi, a Maraɗi, cikin shekarun 1980, ina ɗan lakwal kamarku. Kawu bai iya boko ba, saboda haka ni ne mai rubuta masa lissafi. Ya saya mini littafi mai layi-layi, ya ce duk abin da mota ta ci in rubuta a hagu, duk abin da ta kawo in rubuta a dama. Wannan littafi ya koya mini lissafi fiye da yadda kuke tsammani.

Kawu ya daɗe yana tara kuɗin motar nan. Ya sayar da gyaɗar shekara uku, ya sayar da shanu huɗu. Yana so ya riƙa kai ƴan kasuwa da kayansu kasuwannin ƙauye. Abincin mutum goma sha ɗaya ya rataya a kan zaɓen da zai yi. Aka nuna masa mota biyu. Ɗaya kyakkyawa, fentinta na ƙyalli, kujerunta masu laushi, ga araha. Amma babu irinta da yawa a gari. Ɗayar kuwa irin wadda ake gani kullum a tasha, ba ta da wani ado, kuma ta fi tsada. Ni dai mai ƙyallin ce ta shiga raina.

Kawu bai yi gaggawa ba. Ya kama hannuna muka tafi tasha, ya ce in ƙidaya motocin da ke lodi, iri-iri. Daga nan muka zagaya wajen masu sayar da kayan gyara. Kowane kanti sai ya tambaya ko akwai birki, da buji, da sifirin na mota kaza, kuma nawa ne. Na ta biyun, kowa ya miƙa hannu ya ɗauko. Na ta farin kuwa sai a ce: «Sai dai a yi maka aike.» Daga ƙarshe muka je wurin wani tsohon makanike da ke aiki a gindin dogon yaro. Kawu ya ce: «Malam, in kai ne, wacce za ka ɗauka?» Tsohon ya goge hannunsa ya ce: «Alhaji, ni wadda na san cikinta nake ɗauka. Waccan, in ta kwanta, ni da kai duk kallonta za mu yi.»

A hanya na ce: «Kawu, ai waccan ta fi kyau, kuma ta fi araha.» Ya ce: «Ɗana, araha ba ta ado. Sayen nagari mai da kuɗi gida.» Ya ɗauki mai tsadar.

Wani maƙwabcinmu shi ya sayi mai ƙyallin. Wata shida tana tafiya lafiya. Ran nan wani ɗan ƙarfe a cikin giyarta ya karye, wanda bai fi tafin hannuna ba. Aka nema a Maraɗi babu, aka aika Katsina babu, aka aika Kano babu. Motar ta yi wata huɗu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. A cikin wata huɗun nan ba ta kawo ko tamma ba, alhali mutumin yana biyan bashin da ya ci ya saye ta. Daga baya sai da ya sayar da gona. Ba don motar ba ta da kyau ba ne. A ƙasar da aka ƙera ta, da kwana ɗaya an gyara. A garinmu ne take baƙuwa, ba ta da dangi.

Ga abin da na gane daga nan. Ƙarƙon mota iri biyu ne. Akwai motar da ba ta cika lalacewa ba. Akwai kuma motar da in ta lalace ana gyara ta nan da nan. Mai saye ya kamata ya nemi duka biyun. Amma a ƙasa irin tamu, inda gari ke nesa da gari, na biyun ba ya kasa na farin muhimmanci. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600, daga Yamai zuwa Damagaram wajen 900. Wanda motarsa ta tsaya tsakanin Tanut da Agadas a cikin watan Afrilu, ba maganar kuɗi kaɗai yake yi ba, maganar ruwan sha yake yi. Haka wanda ya ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare.

Wannan shi ya sa wasu motoci suka yi suna a nan. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960. Akwai irinta mai buɗaɗɗen baya da ake rufe wa tampol, ita ce mutane ke ce wa bashe, kuma ita Kawu ya saya. Peugeot 504 ta biyo ta a 1968. Tun daga 1975 aka shiga harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka ci gaba da yin 504 a can har bayan shekara ta 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Saboda haka kayan gyaranta suka cika kasuwannin ƙasar Hausa, irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Cikinta yana da tsawo daga ƙasa, ba ta tsoron rami, kuma makanikai sun haddace ta. Daga baya motocin Japan suka karɓe hanya. Toyota Corolla ta fito a 1966, HiAce a 1967, Hilux a 1968. Yau in kun je tasha ku ƙidaya kamar yadda na yi, za ku ga su ne suka fi yawa. Dalilin bai sake ba: inda mota ta yi yawa, nan kayanta ke yin yawa, nan kuma masu gyaranta ke ƙwarewa.

Yanzu mu duba abin da mota ke ci. Na farko mai, isansi ko gazuwal. Tun 2011 muna da matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, amma duk da haka mai shi ne ke cin kaso mafi girma a littafin mai mota. Na biyu baƙin mai, wanda ke hana ƙarafan inji cin juna. A ƙasa mai zafi da ƙura, makanikai kan ce a juye shi kowane kilomita 5.000. Na uku matacin iska. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta isansi yana shaƙar iska wajen lita 9.000. Ku tuna da ƙurar hunturu. In matacin ya yage, rairayi ya shiga, ya riƙa goge cikin inji a hankali har ƙarfinsa ya tafi. Na huɗu ruwan lagireto. A bazara zafinmu kan wuce digiri 40, injin da ya rasa ruwa yana iya ƙonewa cikin ƴan mintoci. Sai tayoyi, da birki, da batir, da kuɗin takardu na kowace shekara.

Ƙananan abubuwan nan su ke tsare manya. Na sha rubuta kuɗin baƙin mai ina jin kamar ɓarna ce, tun da mota lafiyarta lau. Kawu ya kan ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin matacin iska ɗari ba su kai kuɗin inji ɗaya ba.

Akwai kuma abin da mai mota ba shi da iko a kansa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗinmu na sefa da rabi. Da can faran ɗaya na Faransa tamma 50 ne, sai ya koma 100. Duk kayan gyaran da ake sayowa da kuɗin Turai suka tashi. Waɗanda motocinsu ke da dangi a gari sun sami sauƙi, don akwai tsofaffin motoci irin nasu da ake kwancewa ana sayar da kayansu. Masu baƙin motoci su suka fi jin jiki.

To, ku ɗauko allunanku mu yi lissafi. Waɗannan lambobi misali ne, don mu ga yadda ake yi. Mu ce mutum zai riƙe mota shekara 5, kowace shekara yana tafiyar kilomita 20.000. Jimla kilomita 100.000 ke nan. Mu ce litar mai tamma 500 ce, wato dala 100.

Mota ta fari an saye ta miliyan 3. Tana shan lita 12 a kilomita 100, wato lita 12.000 duka, kuɗinsu miliyan 6. Gyaranta jika 400 a shekara, wato miliyan 2. Bayan shekara 5 an sayar da ita jika 500. Miliyan 3 da 6 da 2 sun zama 11. A cire jika 500, saura miliyan 10 da rabi.

Mota ta biyu an saye ta miliyan 4 da rabi. Tana shan lita 8 a kilomita 100, wato lita 8.000, kuɗinsu miliyan 4. Gyaranta jika 200 a shekara, wato miliyan 1. Da yake mutane na son irinta, an sayar da ita miliyan 2. Miliyan 4 da rabi da 4 da 1 sun zama 9 da rabi. A cire 2, saura miliyan 7 da rabi.

Kun gani? Wadda ta fi araha da miliyan 1 da rabi ranar saye, ita ce ta fi tsada da miliyan 3 a ƙarshe. Kowane kilomita ta ci dala 21, ɗayar kuwa dala 15. Ba mu ma sa kwanakin da ta yi kwance ba.

Amma kada ku ce ke nan kullum mai tsada ita ce daidai. Ku sake lissafin da mutumin da ke tafiyar kilomita 3.000 kaɗai a shekara, daga gida zuwa wurin aiki. Bambancin mai ya zama kaɗan, tazarar ta ragu ƙwarai. Land Cruiser gwana ce a rairayin Agadas, amma wanda ba ya fita Yamai, in ya saye ta, ya sayi raƙumi don ɗaukar ƙwarya ɗaya. Aikin da za a yi shi ke zaɓen mota, da hanyar da za a bi, da ƙarfin aljihu.

Motocin yanzu sun bambanta da na zamanin Kawu. Da yawansu ba su da kafireto, kwamfuta ce ke auna musu mai. Wannan ya sa sun fi tsimin mai, sun rage hayaƙi. Amma in sun yi ciwo, sai an jona musu wata na'ura kafin a san inda ciwon yake, kuma ba sa son gurɓataccen mai. Saboda haka tambayar Kawu tana nan, an dai ƙara mata ɗaya: akwai mai na'urar a garinmu?

Yawancin motocin da ake saye a nan an riga an hau su a wata ƙasa. Ba a sayen irin wannan da dare, ba a kuma sayenta ba tare da makanike ba. A tashe ta da safe tun injin yana sanyi, a dubi hayaƙinta. Shuɗi yana nuna tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa mai ne ya yi mata yawa. A leƙa ƙarƙashi ko tana yoyo ko ta yi tsatsa. Lambar kilomita da ke gaban direba ana iya taɓa ta, amma sitiyari da kujera da abin taka birki ba sa ɓoye shekarunsu.

Watakila ku ce: mu da ba mu da ko keke, me ya haɗa mu da wannan? Lissafin ɗaya ne ga keke, da babur, da amalanke, da injin niƙa, da injin ban ruwa na lambu. Wata rana babanku ko yayanku zai tashi sayen ɗaya daga cikinsu, kuma ku ne masu boko a gidan. Ku tambaya: nawa ne saye, nawa yake ci, ina kayan gyaransa, wa ya iya gyara shi, nawa za a saye shi in an gaji da shi. Ku rubuta amsoshin, ku haɗa, ku cire, sannan ku karanta musu.

Tambayoyi

1. Ƙarƙon mota iri nawa ne? Ku faɗe su.
2. Me ya sa motar maƙwabci ta yi wata huɗu a kwance?
3. Mene ne amfanin matacin iska a lokacin hunturu?
4. Ku sake lissafin kuɗin mai na motocin nan biyu, in ana tafiyar kilomita 3.000 a shekara har shekara 5.
5. Ku je tashar garinku ku ƙidaya motoci iri-iri. Wace iri ce ta fi yawa? Ku tambayi wani direba dalili.